Abin da Bango Ya Ɓoye: Amsoshin Wasiƙunku

Tun bayan daminar 2024, wadda ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a Damagaram, har tsohon masallacin unguwar Birni ta Zinder ma ya faɗi a farkon watan Satumba, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka ɗauki wani salon da ban saba gani ba. Mutane suna kwashe ƙasar ɗakunan da suka zube, ko suna haƙa harsashin sabon gini a inda kakanninsu suka zauna, sai su ci karo da abin da babu wani mai rai da ya san da shi: tukunya a ƙarƙashin daɓe, gafaka a saman azara, laya a bakin ƙofa. Na zaɓo wasu daga cikin wasiƙun, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda suka roƙa, domin abin da aka tono a gidan gado yana iya raba zumuncin da aka shekara hamsin ana riƙo.

TAMBAYA: Malam, shekara shida ke nan da na sayi wani tsohon gida a Birni daga hannun magada. Bana da muka rushe turaka za mu sake gini, magina suka tono tukunya a ƙarƙashin daɓe, an kife mata kasko, cike da wuri, a ciki kuma akwai manyan kuɗin azurfa goma sha ɗaya masu hoton wata mace da lambar 1780. Magina sun ce sai a raba da su, wani abokina kuma ya ce kuɗin sun haura shekara 240, sun kai miliyoyi. Na wane ne, kuma nawa za su yi? Daga wani magidanci a Birni.

AMSA: Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka kai hannu, domin da yawa ba su tambaya sai bayan an narkar da azurfar an yi zobba. Zan fara da maganar mai shi, tunda ita ce za a tambaye ka gobe ƙiyama, sannan mu zo kan shekaru da farashi.

Malamanmu na Malikiyya sun raba dukiyar da ake tonowa gida biyu. Akwai rikazi, wato abin da mutanen jahiliyya suka binne, wanda babu sauran mai shi da za a nema. Shi ne hadisi ya ce a fitar da humusinsa, kashi ɗaya cikin biyar, kuma haka yake a Risalar da ake karantawa a zaurukanmu. Akwai kuma abin da ke ɗauke da alamar cewa Musulmi ne ya binne shi, wanda hukuncinsa hukuncin tsintuwa ne, a yi cigiyarsa shekara guda, idan mai shi bai fito ba a yi sadaka da shi ko a amfana da shi bisa sharaɗin biya duk ranar da ya bayyana. Tukunyarka ba ta cikin kashi na farko, domin Birni garin Musulmi ne tun kafin a yi wannan daɓen. Sannan a babin ciniki malamai sun bayyana cewa wanda ya sayi fili ya mallaki ginin da itatuwan da ke kansa, amma abin da aka binne a ciki bai shiga cinikin ba. Saboda haka hanyarka ɗaya ce: ka kira mai unguwa da limamin masallacinku, a ƙirga abin a gabansu, a rubuta, sannan a je wa magadan da suka sayar maka. Idan gidan kakanninsu ne tun asali, tukunya tasu ce, za ta shiga rabon gado. Idan kuma mahaifinsu saya ya yi a hannun wasu, sai a ci gaba da bin sawu baya. Magina ladan aikinsu ne haƙƙinsu, amma tunda sun nuna maka ba su soke a aljihu ba, sun cancanci tukuici mai kauri, kuma ina fatan magadan ma ba za su manta da kai ba. Ka tuna bangon da ya zo a Suratul Kahfi, aya ta 82, wanda aka tayar da shi don kawai taskar marayu biyu da ke ƙarƙashinsa ta jira su har su girma. Mai yiwuwa a cikin waɗannan magadan akwai marayu.

Game da 1780, abokinka ya karanta lambar daidai, amma bai san labarinta ba. Wannan shi ne riyal na Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wanda wasu tsofaffi ke ce wa liyari. A 1780 ta rasu, sai dai fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha da nan ƙasar Sudan, wato yankinmu na kudu da Sahara, sun riga sun amince da kuɗin, ba su karɓar wani mai kama daban, shi ya sa aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗaya ba a canja ba, a Biyana da wasu biranen Turai har ma da Bombay ta Indiya, kuma har yau ana buga shi. Ɗaruruwan miliyoyi aka buga. Ke nan lambar ba ta nuna shekarar da naka ya fito daga maƙera. Nauyin kowane ɗaya giram 28 ne, kashi 833 cikin 1000 na jikinsa azurfa ce, wato kimanin giram 23, a bayansa akwai gaggafa mai kai biyu, a gefensa kuma akwai rubutu da ya zagaye shi. Farashinsa a kasuwa bai nisa da farashin azurfar da ke jikinsa, wanda kowane maƙerin fari zai auna maka. Kada ka wanke su da lemun tsami ko toka, domin baƙin da ka gani a jikinsu ba lalacewa ba ne, gogewar ce ke cinye zanen.

Wurin da ke tare da su shi ne ya fi ba da labari, ko da yake ba ya sayen komai a yau. Kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce a asali. Daga tsibiran Maldif na tekun Indiya ake kawo ƙananan farare, daga baya a ƙarni na 19 ƴan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wasu masu ɗan girma daga gaɓar Zanzibar, har yawansu ya karya darajar wuri gaba ɗaya. Bature Barth, wanda ya sauka nan Zinder a ƙarshen 1852, ya rubuta cewa a Kano a 1851 wuri 2,500 ne riyal guda. Wuri 20,000 kuwa shi ake kira keso ɗaya. Idan ka ƙirga naka za ka san ko ajiyar attajiri ce ko asusun wata tsohuwa mai sayar da fura. Wanda ya binne ta ya rayu a zamanin da babu banki, gobara na cinye unguwa guda a dare ɗaya, ana yaƙi da Kano, sannan Faransawa suka shigo a 1899 suka zo da nasu kuɗin da harajinsu. Ya yi niyyar dawowa ya ɗauka, rai ya yi halinsa bai faɗa wa kowa ba. Shawarata ga magadan ita ce, ko sun sayar da azurfar, su bar tukunyar da kaskonta da wurinta yadda suke, su kai gidan adana kayan tarihi na nan Zinder.

TAMBAYA: Malam, da ake gyaran rufin soron kakanmu a Zango an sami gafaka a saƙale saman azara, cike da takardu rubutun hannu, ba a ɗinke suke ba, gara ta ci gefen wasu. Yayyena maza sun ce a ƙone su ko a binne don kada a taka sunan Allah. Wani mutum kuma ya ji labari ya zo ya taya jika hamsin. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba. Daga wata baiwar Allah a Zango.

AMSA: Hajiya, zuciyarki ta faɗa miki gaskiya, kuma ina roƙonki da ki karanta wa yayyenki wannan amsa cikin ladabi, domin niyyarsu mai kyau ce. Gaskiya ne malamai sun halatta a ƙone ko a binne takardar Alƙur'ani da ta lalace har ba ta karantuwa, don a tsare alfarmarta. Amma wannan hukunci na abin da ya riga ya mutu ne, kuma ba a yanke shi sai an duba.

Wannan wasiƙa ta taɓa ni, domin na taɓa yin wannan kuskure da hannuna. Ina yaro ɗan makarantar allo kakana ya rasu, aka tara takardunsa a babban kwando aka ce mu kai bayan gari mu binne, ni na ɗauki kwandon a ka. Warƙa ɗaya ta maƙale a saƙar kwandon, na tsince ta bayan mun dawo, na saka a cikin izuna na manta. Sai da na girma na kai wa wani malami ya karanta mini, ashe wasiƙa ce daga wani abokin cinikin kakan kakanmu a Gadamus, yana lissafa fatu da gashin jimina da aka aika masa, yana kuma gaida mutanen gida da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. A cikin sunayen nan akwai na wata mace da ba wanda ya taɓa ambata mana. Duk abin da ya rage mana ke nan daga kwando guda, kuma har yau idan na tuna nauyinsa a kaina sai raina ya ɓaci.

Gafakar gidan Zango ba a raina ta. Nan ne ayarin Azbin da fataken Gat da Gadamus da Tarabulus ke sauka, nan attajirai irin su Malam Yaro suka zauna, kuma malamin wancan zamani ba ya raba takardun karatu da na rayuwa. A gafaka ɗaya za ki sami Alƙur'ani da rubutun Barno, da littafin fiƙihu mai sharhi a gefe, da waƙar wa'azi ta ajami, da lissafin bashi, da ranar haihuwar ɗa an rubuta a bayan wata warƙa. Ki ɗauki warƙa ɗaya da hannu mai tsabta busasshe, ki tsaya a ƙofar ɗaki ki ɗaga ta wajen haske. Idan kin ga siraran layuka a jikin takardar da jinjirin wata guda uku a jere, ɗaya na bin ɗaya, to takarda ce da aka yi a arewacin Italiya, ta ƙetaro teku zuwa Tarabulus ko Masar, raƙumi ya kawo ta nan. Ki kuma nemi warƙar ƙarshe ta kowane littafi, domin a nan marubuci ke cewa ya kammala, ya faɗi sunansa da na wanda ya rubuta wa, wani lokaci har da rana da gari.

Abu mafi muhimmanci yanzu shi ne kada a hargitsa jerinsu. Littattafanmu na da ba a ɗinke su, kuma ba su da lambar shafi. Kalmar da ake rubutawa ita kaɗai a ƙasan shafi, wadda ke maimaita kalmar farko ta warƙa mai zuwa, ita ce jagora, kuma idan gara ta ci wannan kusurwar to jerin da kuka same su a kai shi kaɗai ya rage. Ki sa ɗanki ko ƙaninki ya ɗauki hoton kowace warƙa da waya, gaba da baya, ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suke. Kada a liƙa salatif a inda ya yage, domin ƙaronsa na shiga takarda ya ƙona ta, kada a kai a manne su cikin roba, kada a shanya su a rana, kada kuma a ƙulle su a leda, saboda leda tana riƙe laima ta jawo ruɓa. A kaɗe ƙurar da gashin tsuntsu mai laushi, a naɗe su da farin ƙyalle na auduga, a saka a akwatin da aka ɗora bisa duwatsu nesa da bango, a riƙa buɗewa ana dubawa musamman da damina. Gafakar da tadarishin ma a ajiye su, aikin dukawan da ne.

Mai jika hamsin kuwa ki ba shi haƙuri. Takardun gado ne na dukan zuriyar kakanku, ba mai ikon sayar da su shi kaɗai, kuma wanda ya taya kafin ya karanta ba karatun yake so ba. Idan kuna son masana su duba, a Yamai cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH, ta Jami'ar Abdu Mumuni, tana da sashe na musamman na rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda aka kafa bisa tarin da marigayi Bubu Hama ya fara, kuma a nan gida akwai malaman tarihi a Jami'ar André Salifou, wadda ke ɗauke da sunan ɗan garin nan da ya rubuta tarihin Damagaram. Za a iya ɗaukar hoto a bar muku asalin a hannunku.

TAMBAYA: Malam, ruwa ya zaizaye bakin ƙofar ɗakina sai ga ƴar tukunya da layu uku a ciki. Shekarata biyu da tarewa, ɗana yana yawan zazzaɓi, kuma ƙawayena sun ce aikin abokiyar zamana ne. An nuna mini wani da zai karya abin idan na ba shi rago da jika talatin. Daga wata uwa a Garin Malam.

AMSA: Ƴata, ki kwantar da hankalinki, kuma kada ki furta wa abokiyar zamanki kalma ɗaya a kan wannan. Zargin sihiri ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah, kuma maganar da ta fita ba ta komawa. Ki fara duba abin da idonki zai iya gani. Idan fatar layun ta bushe ta yi baƙi tana farfashewa, zaren ya ruɓe, kuma tukunyar tana ƙarƙashin tsohon daɓen da ba a taɓa fasawa ba, to an binne ta tun kafin a haife ki, balle a kawo ki gidan. Mutanen da suna binne abubuwa da yawa a gidajensu ba don cutar da kowa ba. Maigida kan sa a rubuta masa ayoyin tsari ya binne a bakin ƙofa ko kusurwoyin gida saboda ɓarayi da gobara, kuma kusan kowane tsohon gida akwai mabiyiyar jariran da aka haifa a cikinsa a binne a bayan ɗaki. Malamai sun yi magana a kan binne ayoyi a inda ake takawa, ni ma ban goyi bayansa ba, amma wanda ya yi don tsare iyalinsa ba maƙiyinki ba ne.

Ki nuna wa maigidanki, shi kuma ya kai wa malamin da aka sani da karantarwa, wanda ba ya karɓar kuɗi a kan irin wannan, a buɗe layun da rana a gabansa. Idan ayoyi ne a ɗauke su daga hanya a girmama su, idan wani abu ne daban a warware a lalata shi, ku kuma riƙe Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi safe da yamma, waɗanda ba sai an biya kowa ba. Ragon da jika talatin ki riƙe abinki. Zazzaɓin yaro kuwa, a wannan gari da sauro ke yawa daga tsakiyar damina har kaka, ki kai shi likita a gwada jininsa yau ɗin nan, kada jiran fassarar laya ya sa ki makara.

TAMBAYA: Malam, ina haƙa rijiya a garkata kusa da Mirriya, da na kai gaba ɗaya da rabi sai na fara fito da fasassun tukwane masu zane irin wanda ba a yi yanzu, da baƙaƙen duwatsu masu ramuka kamar kashin maƙera, da wani dutse mai santsi mai baki kamar gatari. Maƙwabcina ya ce in ci gaba da tono ko akwai zinariya. Daga wani mai garka.

AMSA: Ɗan'uwa, alamun da ka lissafa na kufai ne, wato mutane sun zauna a wurin kafin ƙasa ta rufe shi. Baƙin dutse mai ramuka kashin tama ne, abin da ke saura idan an narka tama an fitar da ƙarfe, kuma yankinmu ba baƙo ba ne a wannan sana'a, domin a duwatsun Termit da ke arewa maso gabas da mu an sami shaidar narkar da ƙarfe da ke cikin mafi tsufa a Afirka. Dutsen mai santsi shi ne wanda muke kira gatarin aradu. Ba tsawa ce ta jefo shi ba, hannun mutum ne ya goge shi a kan wani dutse har ya yi kaifi, tun kafin a san ƙarfe.

Zinariya da wuya a same ta a irin wannan wuri, kuma neman ta zai lalata abin da ya fi ta amfani. Masanin tono ba tsingaron kaɗai yake karantawa ba, yana karanta zurfin da aka same shi, da abin da ke samansa da ƙarƙashinsa, da ɗan gawayin da ke kusa da shi, wanda ake aunawa a ɗakin bincike a san shekarunsa. Da zarar an kwashe komai an zuba a buhu ɗaya, wannan karatu ya tafi, ko da ba abin da ya fashe. Misali biyu sun ishe mu. A garin Igbo-Ukwu na kudancin Najeriya, a ƙarshen shekarun 1930, wani mutum yana haƙa ramin tara ruwa a cikin gidansa ya ci karo da kayan tagulla. Da masana suka zo suka yi tono cikin tsari daga 1959, aka gano cewa aikin ya kai kimanin ƙarni na 9, abin da ya canja tarihin yankin baki ɗaya. A nan ƙasarmu kuma, a Bura ta yankin Tera, an gano tukwanen kaburbura masu siffar mutane a 1975, Bube Gado ya yi tono a wurin a 1983, amma bayan an nuna kayan a Turai a shekarun 1990 sai masu saye suka yi ca, aka bi kufayin yankin aka farfashe su, aka fitar da kayan waje ba tare da an san daga wane rami kowanne ya fito ba. Mutanen ƙauyukan ƴan daloli suka samu, tarihin kakanninsu kuma ya watse a shagunan ƙasashen da ba su taɓa gani ba.

Nijar tana da dokar kare kayan tarihi ta ranar 30 ga Yunin 1997, wadda ta hana tonon neman kayan tarihi ba da izini ba, ta kuma wajabta sanar da hukuma idan an ci karo da su. Ka dakatar da haƙar a wannan ramin, ka ɗauki hotonsa da sanda a tsaye a ciki don a ga zurfi, ka ajiye abin da ka riga ka fitar ba tare da wankewa ba, sannan ka gaya wa mai gari da ofishin magajin gari, su za su kai maganar ga ofishin al'adu na jaha. Na san tsoron da ke zuciyar kowane mai garka shi ne kada a ce an karɓe masa wuri, kuma na san rani ba ya jira. Ka matsa gefe ka haƙa rijiyarka ka ci gaba da ban ruwa. Idan ka ci karo da ƙasusuwan mutum, ka mayar da ƙasa ka rufe su da mutunci kafin komai.

TAMBAYA: Malam, na sami tsohon keken ɗinki Singer na kakata a taska. An ce akwai jar zaiba a cikinsa mai tsadar gaske, kuma wasu sun ce in ba da jika ashirin na gwaji kafin su kawo mai saye. Daga wani matashi a Sabon Gari.

AMSA: Ɗana, babu wani abu jar zaiba, ba a keken ɗinki ba, ba a dutsen guga na gawayi ba, ba a tsohuwar rediyo ba. Zaiba ta gaskiya fara ce kamar narkakkiyar azurfa, kuma guba ce. Wannan jita-jita ta tashi a Saudiyya a 2009, mutane suka riƙa sayen tsofaffin kekuna da kuɗi masu yawa, suna kara waya kusa da allura wai idan layi ya ɗauke to akwai abin, har hukuma ta fito ta ce damfara ce. Kuɗin gwajin nan su ne dukan cinikin, kuma daga ranar da ka ba su ba za ka ƙara ganin su ba. Ka kai keken wurin mai gyara ya wanke shi da kananzir ya sa masa mai da sabon bel, domin irin waɗannan kekunan na baƙin ƙarfe suna ɗinki har yau, kuma wata a gidanku za ta ci abinci da shi.

TAMBAYA: Malam, a adakar kakanmu, wanda tsohon soja ne na zamanin Faransa, mun sami lambobin yabo, da ɗan littafi mai hotonsa, da takobi, da harsasai, da wani dunƙulallen ƙarfe mai tsatsa kamar ƙwallon goruba. Yara suna wasa da harsasan. Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Malam, ka ajiye mujallar nan ka karɓe harsasan daga hannun yaran tukuna. Dunƙulallen ƙarfen kuwa kada kowa ya ƙara taɓa shi, kada a ɗaga, kada a ƙwanƙwasa don kaɗe tsatsa, kada a jefa a wuta ko a shadda, kada kuma a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, domin idan gurneti ne tsufa ba ya kashe shi, ƙara masa saurin tashi yake yi. Ka fitar da kowa, ka kulle ɗakin, ka je ka gaya wa jandarmomi ko ƴan sanda su zo da kansu su ɗauka, kada kai ka kai musu. Zinder ta kasance babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, barikin soja kuma bai taɓa barin ta ba, ƴaƴanta da yawa sun je yaƙin 1914 da na 1939 da Indocin da Aljeriya, don haka irin wannan adaka ba a gidanku kaɗai take ba, kuma wanda ya kai rahoto da kansa ya sauke nauyin da ke kansa.

Sauran kayan naku ne. Littafin nan shi ne takardar aikinsa, a ciki akwai lambarsa da shekarar da aka ɗauke shi da wuraren da aka kai shi, ka zauna ka karanta wa dattawan gidan da Hausa tun suna da rai, za su cike maka abin da takarda ba ta faɗa ba. Takobin kada a kai shi wurin mai wasa wuƙa. Ka zare shi a hankali, ka shafe ruwansa da ƙyalle mai ɗan man keke, ka duba kusa da ƙota ko akwai tambarin jinjirin wata biyu ko wasu haruffa, domin ruwan takubba da yawa daga Solingen ta Jamus aka kawo su, maƙeranmu da dukawanmu suka yi musu ƙota da kube. Kuben fata ka rataye shi a inuwa inda iska ke shiga, nesa da bangon da ke jiƙa.